Addar da Babana Bai Ɗauka Ba

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne mai jini a jika, autan maza a gidanmu, a wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Gubuchi da hanyar Ikara. Gidanmu na Maguzawa ne masu riƙe da al'adar kakanni. Maƙwabtanmu yawancinsu Musulmi ne, sai 'yan gidajen masu bin Almasihu da ke da ƙaramar majami'arsu ta jar ƙasa a bakin gari. Yayyena maza duk sun watse, wani yana acaɓa a Zariya, wani ya tafi ci-rani ya bar mata da 'ya'ya, ni kaɗai na rage a gandun Baba. Ban yi nisa a boko ba, amma ina da abin taƙama, wato shanun huɗa. Bijimai biyu ne, ja da fari, ni na hore su tun suna maruƙa, ni na fara ɗora musu karkiya. Idan na kama garma na yi musu magana, kunya takan fita a miƙe kamar an ja zare. Na san na iya, kuma ban taɓa ɓoye cewa na sani ba. Ga baki, ga son yabo, halin da har yau matata take cewa bai gama fita daga jikina ba.

A cikin masu bi akwai wani dattijo sa'an Baba, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Manomin rake ne a fadama, da rani kuma yana dafa mazarƙwaila, ni nake kwasar masa rake a amalanken shanu zuwa wurin matsa. Bai taɓa tare ni da wa'azi ba. Waƙoƙin sujada yake yi ƙasa-ƙasa yana juya tukunya, in na zo ya ɓantaro mini mai zafi ya ce in sa a baki. Abin da ya ja ni gare shi shi ne yadda yake ɗaukar asara. Na ga ranar da tukunya guda ta ƙone masa, na ga ranar da shanun makiyaya suka shiga rakensa, amma ban ji ashar ko ɗaya daga bakinsa ba. Ni ne na fara tambayarsa, shi kuma ya riƙa karanta mini maganar Ubangiji kaɗan-kaɗan a gindin mangwaro idan mun tashi aiki. Ranar da na ce masa ina so in bi, na zaci zai yi tsalle. Sai kawai ya tambaye ni ko Baba ya sani, ya ce in bi a hankali, kuma kada gaisuwar safe da nake yi wa iyayena ta ragu ko da ɗaya. Baba ya san ina zuwa majami'a, amma tun da aikin gona bai tsaya ba, sai ya kawar da kai.

Al'adar gidanmu ce, kafin ruwan shuka Baba ya yanka jan zakara a gindin tsamiyar da ke kan iyakar gonarmu, a zuba giya a ƙasa, a shafa jinin a karkiyar shanu. Wanda zai riƙe garma a shekarar shi ne yake riƙe zakaran. Da lokacin ya matso na tambayi dattijo, ya ce wannan kam ba zan iya yi ba, amma in je wurin Baba tun da wuri, shi kaɗai, in durƙusa in faɗa masa, don ya nemi wani cikin ƙannensa ya riƙe. Na ce to, amma ban je ba. Gaskiyar magana, so nake a gan ni. Na bari sai ranar, ƙannen Baba duk sun taru a gindin tsamiya, aka miƙo mini zakara, na noƙe hannu na ce wannan itacen da suke yi wa yanka makamashi ne kawai. Ban tsaya nan ba, na sa ƙafa na ture ƙwaryar giya, ta zube a kan ƙafafun Baba. Bai tashi daga inda yake zaune ba. Ya daɗe yana kallon ƙasar da ta jiƙe, sannan ya ce a hankali, tun da haka ne ba ya bukatar hannuna a kan garmarsa, in nemi wurin kwana. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Na cusa tufafina a buhu, Inna tana kuka a bakin madafa, na nufi gidan dattijo. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, matarsa ta kawo mini tuwo. Ina jiran ya yaba mini, sai ya tambaye ni ko na je wurin Baba tun da wuri kamar yadda ya ce. Na ce ban sami dama ba. Ya dube ni ya ce to. Amma labari ya riga ya bazu cikin zumuntar matasa cewa an kori wani saboda bangaskiya. Aka fara kirana in ba da shaida a majami'armu, daga nan sai wajen Makarfi, sai Taba, sai Kurmin Kogi. Karo na farko na faɗi kusan gaskiya, ƙwaryar giya kawai na tsallake. Na lura da wuraren da mata suke cewa wayyo, sai na riƙa ƙara gishiri a nan. A karo na gaba Baba ya miƙe tsaye yana daka mini tsawa. A wani babban taron matasa kuma sai na ji bakina yana cewa ya zaro adda ya biyo ni da gudu har bayan gari. Ban san daga inda addar ta fito ba, amma da ta fito sai ta zauna. Mutane suka yi kuka, aka ɗora mini hannu aka yi addu'a, wata mata ta ba ni sabuwar riga, in an zo cin abinci ni ake tsamo wa tsoka. Na fara ganin kaina a matsayin wanda ya gama biyan kuɗin bin Almasihu, har ina raina waɗanda aka haifa a cikin ikilisiya don ba su rasa komai ba.

Dattijo bai taɓa bina wuraren nan ba. A gida dai muna addu'ar safe, mu yi karatu, mu gangara fadama. Sai wata Lahadi ya ce zai raka ni, ya zauna can baya ya sunkuyar da kai har na gama. A hanyar dawowa na goyo shi a kekensa, sai ya tambaye ni wace adda nake nufi, domin shi dai adda ɗaya ya sani a gidanmu, wadda ƙotarta ta karye tun bara, kuma har yanzu tana wurin maƙeri. Na yi dariyar yaƙe na ce ai don in ƙarfafa 'yan'uwa ne. Ya ce wanda muke bi ba ya bukatar gishirina. Sannan ya tambaye ni ko na bi ta gonarmu kwanan nan. Na ce ba na bin hanyar. Shi ne ya faɗa mini halin da ake ciki. Ruwa ya zauna, kowa ya yi huɗa ya shuka, masarar wasu har ta fito, gonar Baba kuwa ciyawa ce kwance. An ɗauko wani ya gwada shanun, jan ya fizge garma ya ratsa shukar maƙwabci da ita, farin kuma ya kwanta ya ƙi tashi. Bayan Baba ba ya barinsa dogon sunkuyo, yayyena kuma gaisuwa kawai suke aikowa. Ga Inna, ga matar yayana da 'ya'yanta, duk rumbu ɗaya suke kallo. In lokacin huɗa ya wuce, baɗi babu tuwo a gidan, kuma an ji Baba yana cewa zai sayar da shanun ya sayi hatsi.

Ya ce in je in yi wa Baba huɗa. Na tsayar da keken na sauka, na shiga kawo hujjoji. Na ce karkiyar akwai jinin tsafi a jikinta, na ce shi ya kore ni da bakinsa, na ce 'yan'uwa za su ɗauka na koma baya. Abin da ban faɗa ba shi ne, in aka gan ni a gonar mutumin da ya biyo ni da adda, shaidata ta lalace. Dattijo ya ce zakara kam kada in taɓa riƙewa har in mutu, amma garma ba tsafi ba ce, kuma busasshen jinin kaza bai fi ƙarfin wanda na ce ina bi ba. Ya ce Baba daga ɗaki ya kore ni, bai ce ya fasa haihuwata ba. Raina ya ɓaci, na ce masa tsufa ne ya sanyaya masa bangaskiya, abotar yarinta ta rufe masa ido. Mutumin da nake kwana a ɗakinsa ina cin tuwonsa, shi na faɗa wa haka a kan hanya. Ya ce in hau mu tafi kada rana ta yi.

Washegari bayan addu'a ya saɓa garmar hannu ya fita, ni na gangara fadama ni kaɗai. Haka aka yi kwanaki. Sai bayan azahar yake dawowa, jikinsa duk taɓo, yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwon gwiwa, matarsa ta dafa ruwa ta gasa masa. Ni kuma ta dire mini kwano ba ko kallo. Na sha jinin jikina amma na yi kunnen uwar shegu. Wanda ya fasa ƙwan shi ne maƙwabcinmu na gona, wani Musulmi mai barkwanci da muka saba tsokanar juna. Ya same ni a teburin mai shayi da safe, ya tambaye ni a gaban jama'a ko a sabon addininmu tsofaffi ne suke yi wa samari noma. Ya ce ubannina biyu suna can a gona, ɗaya yana huɗa da hannu yana nishi, ɗaya yana zaune a gindin tsamiya ya juya masa baya, babu mai ce wa wani uffan, kuma a yadda suke tafiya sai kaka za su gama. Aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, shayin ma ban iya shanyewa ba.

Da gari ya waye na zagaya bayan gidanmu inda turken shanu yake. Sun rame, ƙashin bayansu ya fito. Ina yin magana jan ya ɗago kai ya yi kuka yana jan igiya. Inna ta leƙo ta kan danga, ta nuna mini da baki inda aka jingine karkiya. Tabon jinin yana nan baƙi ƙirin, ruwa bai wanke shi ba. Na tsaya a kansa na ɗan lokaci, na yi gajeriyar addu'a, na ɗauka. Da na isa gona na je gindin tsamiya na durƙusa na gai da Baba. Bai amsa ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya kama hanyar gida, amma bai ce in sauke karkiya ba. Dattijo ya ajiye garmarsa ya je ya zauna a inda Baba ya tashi, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Da na kai ƙarshen kunyar farko na waiwayo ina jiran sannu, sai ya ɗaga murya ya ce ta karkace, hannuna ya manta aiki, wa'azi ya yi mini yawa.

Na ɗauka kwana biyu za a yi a shirya, ashe damina guda zan yi. Na gama huɗa, muka yi shuka a makare, na yi noma, na shiga maimai. Kullum da safe in durƙusa in gai da Baba, kullum ya kawar da kai. A al'adarmu duk mai aiki a gandu ana kawo masa fura ko kunu da hantsi, ko baƙo ne. Ni ba a taɓa kawo mini ba. Ina gani a kawo wa maƙwabta nasu, wani lokaci mai barkwancin nan ya kira ni mu sha tare, yana cewa in sha kada in faɗi a gonar mutane a ce su ne. Ta ɓangaren 'yan'uwa kuma gayyata ta ɗauke ƙaf. Wasu matasa suka ce an gan ni da karkiyar tsafi, na koma gidan jiya. Waɗanda suka yi mini kuka a taro sai su wuce a babur ta bakin gonar, ko ɗaga hannu babu. Wannan ya ci mini rai ƙwarai. Na ce wa dattijo ga shi na bi maganarsa na yi biyu babu. Ya ce shi bai yi mini alkawari Baba zai amsa gaisuwa ba, kuma in don a amsa nake noman, to lada nake nema wurin mutum kamar yadda na nema a taron matasa. A ranar ne ya faɗa mini cewa lokacin da shi ya fara bi, mahaifiyarsa ta yi shekaru ba ta cin abin da ya fito daga gonarsa, yana kaiwa tana zuba wa kaji, bai fasa kaiwa ba. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin ya tsaya a gaban jama'a ya ba da wannan labari ba.

Wata rana ina maimai sai ga Inna ta zo tsinkar rama a gefen gona. Ta matso kusa, tana tsinka tana magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce in daina zaton zakara ne ya hana Baba amsa mini. Tun kafin ranar yankan ya faɗa mata ya san da wuya in riƙe, da na zo na same shi da ƙaninsa zai sa. Ta ce maganar giyar da na zubar ma ya haɗiye ta, ya ce ƙuruciya ce. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne adda. Ya je kasuwar Makarfi ran Laraba, yana tsaye wurin masu taki, sai ya ji wasu mata suna nuna shi suna cewa ga tsohon da ya bi ɗansa da adda zai sare shi. Mutumin da bai taɓa dukana ko da tsumagiya ba. Ta ce ya dawo bai ci tuwo ba, kuma tun daga ranar bai sake taka kasuwa ba. Shi ya sa ma shanun suka kai har na zo na same su, domin ya kasa fita da su cikin mutane. Ta ɗaure ramarta ta tafi. Na zauna a tsakanin kunyoyi na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kore ni.

Na kai wa dattijo maganar ina cewa zan je in faɗi a gaban Baba in roƙi gafara. Ya ce hakan yana da kyau, amma ba a ɗakin Baba na yi ƙaryar ba. Inda na zubar da ita can zan koma in kwashe, kuma zai raka ni. Haka muka riƙa yi duk Lahadi, ina goye da shi a keke, majami'a bayan majami'a, duk inda na taɓa tsayawa. In roƙi a ba ni ɗan lokaci, in tashi in ce babu adda, babu gudu, babu tsawa, ni ne na ture ƙwarya da ƙafa a gaban iyayena, kuma mahaifina mutum ne mai haƙuri da bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba, huɗar gona guda wasa ce a kansa. Babu wanda ya yi kuka. Wasu suka sunkuyar da kai, matar da ta ba ni riga ta ja tsaki har ana ji, wani mai bishara kuma ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya daɗe bai saki ba. A majami'armu dattawa suka zauna suka ce a ɗage baftismata zuwa wata shekara, kuma dattijona yana cikin waɗanda suka amince. Na ji zafi a lokacin, har na yi kwanaki ina amsa masa magana a daƙile, amma ko a lokacin na san daidai suka yi.

Ban faɗa wa Baba abin da nake yi ba, amma a ƙasarmu magana ƙafa gare ta. Da kaka ta yi ina yankan dawa, hantsi ya ɗaga, sai na hango Inna tafe da ƙwarya a ka. Ta sauke a gabana, na ga ƙwaryar furar Baba ce da ludayinsa a ciki. Ta ce wai ya ce ta yi masa yawa. Ko kurɓa ba a yi ba, a cike take. Na zauna a kan dami na sha. Da yamma na bi ta gida na durƙusa na gaishe shi, sai ya tambaye ni ko kofaton jan sa ya warke. Na ce ya warke. Ya ce a riƙa duba shi. Wannan ce maganarsa ta farko gare ni tun ranar tsamiya, kuma a nan na roƙi gafara, ya ce in tashi ƙasa da sanyi. Amfanin shekarar bai kai na kullum ba saboda makara, amma da dabarar Inna rumbun ya kai mu sabuwar kaka.

Da bazara ta kewayo na san lokacin zakara ya zo. Wannan karon na je tun da wuri, shi kaɗai, na durƙusa, amma kafin in buɗe baki ya ce gobe in kai shanu kiwo can fadama in wuni, jibi in zo mu fara huɗa. Na yi yadda ya ce. Da jibin ya zo na je ɗaukar karkiya, sai na ga ta canza. An sa wuƙa an kankare tsohon tabon har farin itace ya fito, kuma babu sabon jini ko ɗigo. A ƙotar 'yar fartanyarsa ya shafa jinin zakaran shekarar. Yana zaune a bakin zaure yana murza igiya, na tsaya riƙe da karkiya ina kallonsa, sai ya ce hadari yana haɗuwa ni kuma na tsaya ɓata lokaci. A shekarar aka yi mini baftisma. Bai zo ba, amma ya aika wa matar dattijo zabuwa ya ce a sa a miya.

Ba zan sake ƙara gishiri ba, don haka zan faɗa a fili cewa Baba bai taɓa zama mai bi ba. A kan al'adarsa ya tsufa, a kanta ya rasu, abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa kuma ban sani ba. Abin da na sani shi ne na koma gida, na yi aure na gina ɗakina a cikin gidan, kuma duk lokacin da muka zauna cin tuwo yakan dakatar da hannunsa har in gama addu'a. Shi da dattijo suka koma zamansu na da, tsofaffi biyu a inuwar mangwaro suna fama da rake babu haƙora, suna gardama a kan wanda ya fi wani iya kiwo suna yara. Na yi jinyar Baba da hannuna har ƙarshe, ya sa mini albarka irin tasu na ce amin. Dattijo ma ya bi bayansa ba da daɗewa ba. Yau ina noma gonar nan, 'ya'yana suna zuwa makaranta, ikilisiya ta ɗora mini kula da sababbin masu bi, kuma ina cikin rufin asiri da kwanciyar rai.

Kada wani ya karanta wannan ya ce babu tsanani a bin Almasihu. Akwai waɗanda ake kora da gaske, har ransu yana cikin haɗari, na karɓi irinsu a gidana kuma ban taɓa ce wa ɗayansu ya koma ba. Gargaɗina ga masu irin halina ne. Abin da bangaskiya ta hana ka, ka ƙi shi, amma ka ƙi shi a durƙushe, kada ka ture ƙwarya da ƙafarka sannan ka kira abin da ya biyo baya tsanani. Ni na ɗauka barin gida shi ne farashin, ashe wannan ne mai sauƙin, mai wuyar shi ne gai da wanda ba ya amsawa har damina ta ƙare. Shugabannin matasa kuma ku ji tsoron Allah, ku daina saurin tsayar da sabon mai bi a gaban taro, domin tafi yana lalata yaro, kuma uban da ake ba da labarinsa yana da kasuwar da zai shiga ran Laraba. Masu riƙon wasu a hanya, in magana ta ƙi shiga, ku tuna da tsohon da ya saɓa garma da ciwon gwiwa ya tafi gonar da ba tasa ba.

Shanun nan sun daɗe da tafiya, na hore wasu bayansu, amma karkiyar tana nan, ita muke ɗaurawa har yau. Bana da muka fito da ita, babban ɗana ya shafa tsakiyarta ya tambaye ni me ya sa wurin ya fi sauran siranta, ko gara ce ta ci. Na ce masa ba gara ba ce, kakansa ne ya kankare mini ita da wuƙa.